Fotar malet: tana gyara bugu da gaske, ko girman kai ne kawai?

Bazazzagi_18

Assalamu alaikum masana. Tambayata a kan sandar fota ce ta wasan golf, wato sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, irin mai faɗin kai wadda ake kira malet. Ana cewa ta fi siririyar, wato biled, yafiya, ma'ana rage illar bugun da bai yi daidai ba, kuma in mutum ya kalli manyan gasa a talabijin zai ga ita ce a hannun 'yan wasa da dama. To me ke cikin ƙirarta da ya sa take yafiya? Idan mai buga da hannun dama yana yawan kuskure ramin ta hagu a bugun mita ɗaya zuwa biyu, dogon bugu kuma yana tsaya masa a hanya, malet za ta magance masa? Sannan wasu na cewa ba a jin ƙwallo a hannu da ita. A taimaka da abin da za a duba kafin a fitar da kuɗi, don ba arha gare ta ba.

MaiGyaranSanda

Wa alaikumus salam Malam. Matsaloli biyu ka kawo, malet kuma ɗaya kawai take magancewa kai tsaye.

Mu fara da ƙira. Biled irin Ping Anser, wadda Karsten Solheim ya fito da ita a 1966, nauyinta yana dunduniya da yatsa, wato gefen da ke kusa da ƙota da gefen da ke nesa da ita, amma jikinta ba shi da zurfi ta baya. Malet kuwa an ja jikinta baya, tsakiyar an yi ta da abu marar nauyi kamar alminiyam, sai aka kai nauyin, ƙarfe ko tangstin, can gefe da kusurwoyin baya. Duk lokacin da ƙwallo ta bugi fuskar sanda ba a cibiya ba, wato ba a tsakiyarta ba, kan sanda yana son ya murɗe. Gwargwadon nisan nauyi daga tsakiya, gwargwadon ƙin murɗewar. Shi ne abin da suke rubutawa MOI a takardar sanda. Malet da yawa suna haura 5,000, biled ta gargajiya kuwa yawanci ba ta kaiwa nan.

Amfanin wannan ya fi fitowa a dogon bugu. A bugun mita goma hannu yana yin nisa da baya, kuma da wuya wanda ba gwani ba ya dawo da cibiya daidai kan ƙwallo kowane lokaci. Idan ka kauce da rabin inci, biled za ta murɗe kaɗan, wani ƙarfin ya salwanta, ƙwallo ta mutu kafin rami. Malet za ta rage asarar. Ke nan gajartar dogon bugunka tana iya raguwa, matuƙar dalilinta kaucewa cibiya ne. Ka tabbatar tukuna: shafa alli a fuskar fotarka, ka yi dogon bugu goma, kana duba inda ƙwallo ta bar tabo kana sake shafawa. In tabon ya warwatsu, malet za ta yi maka rana. In duk a wuri guda yake, matsalar auna ƙarfi ce, sabuwar sanda ba za ta koya maka shi ba.

Kuskuren hagu a gajeren bugu kuwa ba a nan gizo ke saƙar ba. Alkiblar da ƙwallo ke tashi kusan duk ta dogara ne da inda fuska ke kallo a lokacin haɗuwa. Faɗin rami inci 4.25 ne, daga tsakiya zuwa baki inci 2 da ɗan ɗoriya. A nisan ƙafa 10, fuskar da ta karkace da digiri ɗaya tak tana kai ƙwallo wajen inci 2.1 daga tsakiya, wato bakin rami. A ƙafa 5 sai ta karkace da digiri biyu kafin a kai nan. Wanda ke kuskure a ƙafa 5 to fuskarsa tana rufewa sosai, kuma abin da ya shafi wannan shi ne wuyan sanda, ba girman kanta ba.

Ga gwajin. Ɗora ƙota a kan yatsanka ɗaya, a inda sandar ta daidaita a kwance, ka bar kan ya juya yadda ya so. Idan fuska ta kalli sama sak, sandar mai daidaitacciyar fuska ce. Idan yatsan sandar ya rataya ƙasa, mai rataye ce. Malet mai ƙota mai lanƙwasa biyu da ke shiga kai kai tsaye yawanci daidaitacciya ce. Mai ɗan gajeren wuya a karkace takan rataya da kamar digiri 20 zuwa 30. Wanda bugunsa ke tafiya kamar baka, yana buɗewa a baya yana rufewa a gaba, in ka ba shi daidaitacciya sau da yawa fuskar takan riga hannunsa rufewa, ƙwallo ta tafi hagu. Wanda bugunsa miƙaƙƙe ne, in ka ba shi mai rataye sosai fuskar takan makara, ƙwallo ta tafi dama. Saboda haka mai kuskuren hagu da ya sayi babbar malet daidaitacciya yana iya ƙara wa kansa ciwo. Mai gajeren wuya zai nema.

HajiyaGirin

Malam mai gyara ya yi bayani, Allah ya saka. Zan ƙara a kan saiti da kuma maganar ji a hannu.

A ganina babban abin da malet ta kawo ma ba MOI ba ne, fili ne a bayanta da za a zana abin saiti. Odyssey 2-Ball ta 2001 farin da'ira biyu aka sa mata masu girman ƙwallo, ka jera su da taka su zama uku a layi. Wasu layi ɗaya dogo, wasu layi uku, wasu kamar Odyssey lamba 7 haƙora biyu ne a baya. Babu wanda ya fi wani, ido ne ya bambanta. Akwai wanda dogon layi ke sa shi saita hagu ba tare da ya sani ba. Gwajinsa: sa alama a bango nisan ƙafa 8, ka saita kamar za ka buga, wani ya cire ƙwallon ya jingina rula a fuskar sanda, a miƙa zare daga nan a ga inda ya nufa. A yi sau biyar da kowace sanda. Mutane da yawa za su sha mamakin inda suke kallo.

Maganar ji kuma, yawancinsa kunne ne. Toshe kunnuwanka ka buga, za ka ga bambancin tsakanin sanduna ya ragu ƙwarai. Fuska iri biyu ce. Akwai wadda aka sassaƙa daga ƙarfe marar tsatsa, irin 303 da maƙerin fota Scotty Cameron ke yawan amfani da shi, tana ba da ƙara mai kaifi. Akwai mai faci a fuska, kamar White Hot na Odyssey da aka yi da yuretan, dangin abin da ake rufe ƙwallo mai tsada da shi, ƙararta a dushe take. Inda matsala ke fitowa shi ne haɗa faci mai laushi da ƙwallo mai laushi a girin marar gudu, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami in ƙwallo ba ta gudu a kanta. Ƙarar bugun mita uku da ta mita takwas sai su zo kusa da juna, ƙwaƙwalwa ta rasa abin aunawa, mutum ya yi ta gajartawa. In za ka gwada sanda, gwada ta da irin ƙwallon da kake wasa da ita, ba wadda mai shago ya miƙo maka ba.

Kuma gaskiya ne yafiyar tana da kuɗinta. Biled in ka kauce cibiya za ta gaya maka nan take a tafin hannu. Malet tana rufa maka asiri, har ka daɗe kana bugu da yatsa ba ka sani ba. Maganinsa atisaye: ɗaura roba biyu a fuskar, ka bar tazarar inci ɗaya a tsakiya. Duk bugun da ya kauce zai bugi roba ya mutu. A filin atisaye kawai, ba a gasa ba.

Bazazzagi_18

Na gode Hajiya, na gode Malam. To tsawo da nauyi fa? Kuma wasu filayenmu ba ciyawa ba ce, burawun ne, yashin nan da ake cuɗawa da mai. Malet tana aiki a kansa?

Dattijon_Rami_Tara

Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce wadda masu ƙera sandunan nan ba su yi tunaninta ba. Don girin mai santsi aka yi su, irin na Amurka da ake aunawa da Stimpmeter, ma'aunin gudun ƙwallo a girin, ya ba da 11 zuwa 13 a manyan gasa. A ciyawa kamar ta filin IBB a Abuja duk abin da aka faɗa a sama yana aiki. A burawun akwai ƙarin abu uku.

Gindin malet faffaɗa ne. In ka ajiye ta da nauyinta a kan yashi, da ka ja baya sai ta kwashi yashi, bugun ya sarƙe tun daga farko. Ɗage ta kaɗan, kaurin tsabar kuɗi, kada ta zauna. Biled ba ta cika wannan fitinar ba don gindinta siriri ne.

Sai kishingiɗar fuska. Fota ba a tsaye sak take ba, tana da digiri 2 zuwa 4, don ƙwallo tana zaune ne cikin ɗan lotso, sai an ɗan ɗaga ta ta fita, ta ja jiki kaɗan, sannan ta fara mirgina. A yashi lotson ya fi zurfi, kuma bugun ya fi ƙarfi. Mai digiri 2 za ta danna ƙwallo cikin yashi ta yi tsalle. Nemi 4. Idan kuma kana tura hannu gaba kafin ka buga, ka san kana cinye digiri ɗaya ko biyu da kanka. Ka dawo da ƙwallo gaba da tsakiyar ƙafafunka da kamar inci ɗaya ko biyu.

Na uku, fuskoki masu tsagi, irin Pure Roll na TaylorMade Spider, suna cika da yashi da mai. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu ya isa. Kada a sa fetur ko kananzir, suna iya cin facin da gam ɗin da ke riƙe da shi. Haka kuma barin jaka a but ɗin mota a zafin Afrilu yana sassauta gam, ya kuma busar da mariƙi. In ka ƙwanƙwasa fuska da farce ka ji wani gefe yana ƙara daban, faci ya fara ɗagowa. Masu sayen gwanjo su lura da wannan, su kuma lura jabun Scotty Cameron sun yi yawa a kasuwar intanet.

Ni a ra'ayina, wanda rabin wasansa a burawun yake, matsakaiciyar malet mai siffar rabin wata da fuskar ƙarfe ta fi masa waɗannan manyan masu fukafukai.

MaiGyaranSanda

Baba ya faɗi gaskiya a kan gindi. Tsawo kuma, abin da ke shago inci 33, 34 da 35 ne, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wadda ta fi su tsawo. Tsaya yadda kake bugu, hannaye a sake, ka saki ƙwallo daga tsakanin idanunka. Ta faɗi a kan ƙwallon da ke ƙasa ko ɗan ciki da ita, ta ɓangarenka. In ta faɗi can kusa da ƙafafunka, sandar ta yi tsawo. Doguwar sanda tana sa yatsa ya ɗage sama, kuma fuska mai kishingiɗa in yatsanta ya ɗage, hagu take kallo ga mai buga da hannun dama. Wannan ma yana iya zama tushen kuskurenka. Kwanciyar ƙota yawanci digiri 70 ce, ana iya lanƙwasa ta digiri ɗaya ko biyu, amma ƙota mai lanƙwasa biyu tana da wuyar gyara ba tare da an taɓa kishingiɗar fuska ba, sai mai injin da ya san aikin.

In ka yanke ƙota, kan zai ji sauƙi a hannu. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi kamar giram 10 ne a kowane inci: Scotty Cameron yana sa nauyi biyu masu giram 10 a inci 35, masu 15 a inci 34, masu 20 a inci 33. Kan malet yawanci giram 350 zuwa 370 ne. In babu nauyin cirewa, tef ɗin dalma a gindi ya wadatar, a raba shi daidai tsakanin dunduniya da yatsa. Doka ta yarda a yi kafin a fara zagaye, ba ta yarda a canza a tsakiyarsa ba. Mariƙi mai kauri yana kwantar da wuyan hannu, amma in ya fi tsohon nauyi shi ma yana rage jin kan.

Mai karkarwar hannu zai iya duba mai inci 38 da kai mai giram 380 ko fiye, da dogon mariƙi da ake kamawa a ƙasa, ragowar ya zama ma'auni a sama. Sai dai kada ƙarshenta ya jingina da ciki ko ƙirji, an haramta hakan tun 1 ga Janairu 2016.

HajiyaGirin

Tunda Malam Bazazzagi ya ambaci 'yan talabijin, a duba abin da suka zaɓa da kyau. Scottie Scheffler ya bar biled ya koma malet ɗin Spider Tour X a Maris 2024, ya ci gasar Arnold Palmer, ya ci Players, ya ci Masters a Afrilu. Amma tasa mai wuya ce irin na biled, ba daidaitacciya ba, wato ya canza kai ya riƙe irin juyawar da hannunsa ya saba. J.J. Spaun kuma ya ci US Open ta 2025 a Oakmont da L.A.B. DF3, wata ƙira ce daban da aka soka ƙota ta saitin tsakiyar nauyi don kada fuska ta nemi juyawa ko kaɗan. Irin wannan sai an daidaita kwanciyar ƙotarta da tsayuwar mai ita, in ba haka ba an yi asarar kuɗi.

Kafin ka biya, ari guda biyu, mai daidaitacciyar fuska da mai gajeren wuya. Kafa ti biyu a ƙasa, wato 'yan tsinkayen nan da ake ɗora ƙwallo a kai, tazararsu ta ɗara faɗin ƙwallo da rabin inci, nisan ƙafa ɗaya a gabanka, a kan layin rami mai ƙafa 6 a wuri marar gangara. Bugu ashirin da kowace, ka rubuta nawa suka wuce ba su taɓa ti ba, da gefen da masu taɓawar suka taɓa. Sannan bugu goma-goma daga mita goma, ka auna tazarar da ke tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo. Ka haɗa da tsohuwar biled ɗinka a gwajin, ka kuma maimaita washegari.