Ɗan riƙo da takardar ƙasar mai riƙonsa: abin da ƴan Damagaram suka gani a hanya

Alhaji na Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar nan ta yawaita a garinmu. Mutum ya yi zaman Amurka ko Faransa har ya samu takardar ƙasar, ya dawo gida Damagaram da zama, yana riƙe da marayan wansa ko ɗiyar ƙanwarsa, yana so yaron ya shiga ƙasar da shi yake da ita. Duk wanda ya san hanyar nan ya zuba mana abin da ya sani. Abin da zan fara faɗa shi ne riƙo irin namu, na "ga ɗanka nan" a gaban dangi, ba ya ba yaro ƙasar kowa. Ko shekara 15 ya yi a ɗakinka, in babu hukuncin kotu, a wajensu ba ɗanka ba ne.

Tsohon magatakardan kotu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tun daga takardar haihuwa aiki ke lalacewa. Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. In lokacin ya wuce sai an je kotu ta yi hukuncin tabbatar da haihuwar, sannan a kai meri a rubuta. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa da sauƙi: a gurbin uba sai mai riƙo ya sa sunansa, wai don a gajarta hanya. Don Allah kada a yi. Jami'an ofishin jakadanci suna gwada ranar haihuwar yaro da hatimin shiga da fita na fasfo ɗinka. In wata tara kafin haihuwar kana ƙetare, matarka ma tana can har ranar haihuwar, magana ta ƙare. Na Amurka suna iya neman gwajin jini. Daga nan dosiye ya zama na ƙarya, kuma tabon yana bin yaron har girmansa.

A bar sunan uban gaskiya, a haɗa takardar rasuwarsa in ya rasu, da yardar uwa a rubuce a gaban hukuma. A duba rubutun suna harafi bayan harafi: Mahamadou a wannan takarda, Mamane a waccan, ya isa a mayar maka da dosiye. Bayan hukunci kuma a jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, a karɓi shaidar cewa babu wanda ya ɗaukaka. Da yawa suna mantawa da ita sai sun isa Yamai, kilomita wajen 900, su dawo dominta.

Hajiya ta Zongo:
Bari in ɗauki ɓangaren Amurka. Ɗan riƙo ba ya samun takardar da ofishin jakadanci ke ba ɗan cikinka da aka haifa a waje. Hanyarsa fom N-600K ce, wato takardar nema wa yaron da ke zaune a waje zama ɗan Amurka, ƙarƙashin dokar da ta fara aiki ran 27 ga Fabrairu 2001, kuma shekaru ne ke kayar da mutane a cikinta. Hukuncin ɗaukar yaro ya fito kafin ya cika 16. Sannan ya yi shekara 2 a hannunka bisa izinin kotu, ya kuma yi shekara 2 yana zaune tare da kai. Zaman tare ana ƙirga shi ko kafin hukunci ne, amma riƙon doka ba ya fara ƙirguwa sai ranar da hukuma ta damƙa maka shi a rubuce. Kai kuma mai riƙo sai ka nuna ka yi shekara 5 a cikin Amurka, 2 daga ciki bayan ka wuce 14. Takardun albashi, na haraji, na makaranta da tsofaffin fasfo su ne shaidarka, kada a zubar da ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na ƙarshe. Ba a gama aikin daga nan gida. Sai yaron ya samu biza, ya shiga Amurka ta halal, an yi masa ganawa, an kammala komai kafin ranar da zai cika 18. Kwana ɗaya ya wuce, ƙofar ta rufe. Wanda ya je kotu yaro yana da 15 da rabi, shekara 2 ta kai shi 17 da rabi, wata shida kawai ya rage masa na jiran amsa da neman biza, alhali harkar biza tsakaninmu da su ba ta zama wuri ɗaya. A fara tun yaro yana firamare.

Ƙanenku na Sabon Gari:
Hajiya, ƙari kaɗan a kan zaman tare. Gidajenmu na gado ne, sau da yawa uwar yaron tana sashenta a cikin gida ɗaya da mai riƙo. In haka ne za su tambaya wa ke tafiyar da yaron a zahiri. Amsar tana cikin ƙananan takardu: katin lakwal da aka rubuta sunanka a gurbin waliyyi, rasit na kuɗin makaranta, littafin likita mai kwanan wata da hatimi. A samu jaka ɗaya a riƙa tara su shekara bayan shekara. Hotunan sallah kaɗai ba sa isa.

Malam na Garin Malam:
Allah ya saka muku. Amma a san abin da ake sa wa hannu. Riƙon maraya lada ne babba, sai dai aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta a kira yara da sunan ubanninsu. Ɗaukar da Amurka ke karɓa ita ce wadda ke yanke dangantakar doka tsakanin yaro da iyayensa na farko. Hukuncin kafala (riƙon da ba ya canza nasaba) ko na waliyyi kaɗai ba ya cika sharaɗinsu. Kowa ya zauna da malaminsa da dangin uban yaron a yi maganar nasaba da gado kafin a taka kotu, kada sai an yi nisa baffanni su tashi.

Yayarku, tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a:
Malam, a nan Faransa ta fi sauƙi ga mai wannan damuwa, don hanyarta uku ce. Ɗauka cikakkiya tana yanke tsohuwar nasaba, yaron ya zama Bafaranshe kamar tun haihuwa, bayan mai gabatar da ƙara na birnin Nantes a Faransa ya duba hukuncinmu an rubuta shi a rajistarsu. Ɗauka sassauƙa tana barin nasabarsa yadda take, sai dai ba ta ba da ƙasa kai tsaye: sai kotun Faransa ta amince da hukuncin, sannan a nemi ƙasar ta hanyar sanarwa bisa sashe na 21-12 na dokarsu kafin yaro ya cika 18. In mai riƙo ba a Faransa yake zaune ba, ba a tilasta wa yaron zama can. Ta ukun ita ce kafala: tun 2016, yaron da kotu ta damƙa wa Bafaranshe ya yi shekara 3 yana renonsa na iya neman ƙasar. Kotu fa, ba takardar mai unguwa ba. Ofishin jakadancinsu na Yamai an rufe shi a Janairun 2024, don haka a fara binciken inda ake karɓar dosiyen mazauna Nijar kafin a kashe kuɗin mota.

Tsohon magatakardan kotu:
Abu biyu na manta. Nijar ta shiga yarjejeniyar Hague ta ɗaukar yara tsakanin ƙasashe a 2021, saboda haka in niyyarka ka kwashe yaron ku koma can da zama, hanyar ta bambanta da ta mai zama a nan, kada ka je kotu kafin ka tambayi ƙasar da za ku. Sannan tun 2014 dokarmu ta yarda da ƙasa biyu. A ciro wa yaron takardar shaidar zama ɗan Nijar a kotu da fasfonsa tun da wuri, don da shi zai nemi biza, kuma a riƙe kwafin hukuncin a hannu ranar tafiya, za a tambaye shi a bakin iyaka.