Sifaina da efidura: wane suna za mu ba su da Hausa?

Jama'a ku taya ni. Jiya a ɗakin awo wata mai ciki ta riƙe min hannu ta ce, "Sista, an ce in za a yi min aiki sai an soke ni a laka. Ba zan shanye ba?" Nan na gane sunan ne ke firgita mata. Kuma sifaina da efidura, allurai biyu na kashe zafi, duka "allurar baya" muke ce musu, alhali ba ɗaya ba ne.

Sifaina ita ce ta tiyatar haihuwa. Mace za ta zauna ta rungumi filo, ta ranƙwafa. Allurar ta huda fatar da ta lulluɓe laka, a zuba magani cikin ruwan da ke kewaye da lakar, a zare. Cikin minti 5 ƙafafu sun yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ta jin wuƙa, amma idonta biyu, da kunnenta za ta ji kukan jariri. Bayan awa 2 zuwa 3 ta sake ta.

Efidura kuwa ba ta huda fatar nan. A wajenta take tsayawa, a bar siririn bututu manne a baya, ana ƙara magani muddin naƙuda ta ja. Takan ɗauki minti 15 zuwa 20 kafin ta kama.

Wani malami a nan ya kawo shawarar a ce wa sifaina "allurar laka". Malam, da girmanka, ban yarda ba. Laka tana ƙarewa a saman ƙugu, ita allurar ƙasa da nan ake yin ta, ba ta taɓa lakar. Mai ciki kuwa da ta ji "laka", keken guragu take hangowa. Abin da yakan biyo baya wani lokaci ciwon kai ne, mai tashi in an zauna, ya lafa in an kwanta. August Bier ma, likitan Jamus da ya fara sifaina a 1898, sai da ya sha shi.

Ni dai ga nawa: sifaina ta zama "allurar rabin jiki", efidura "allurar naƙuda".

Wata anti ungozoma ta ce ai da efidura ma ana tiyata, in an ƙara maganin ta bututun. Gaskiyarki Anti. To mu ce "allura mai bututu". Gobe Laraba akwai awo, zan gwada su a kan mata in ji wadda ta zauna a bakinsu.