Shawarwarin da aka bayar kan matan da rikicin Jos ya ɗaiɗaita

A zaman da muka yi kan matan da rikice-rikicen Jos na 2001, 2008 da 2010 suka bari da marayu, an fi daɗewa a kan jari. Kusan kowa ya ce kada a koya wa mace ɗinki a sallame ta da takardar shaida kawai. A haɗa mata da keke, a bi sawunta ko da na wata shida ne. Wata dattijuwa ta ce ta ga wadda ta sayar da kekenta ranar da ɗanta ya kwanta asibiti. Shi ya sa aka ce a kafa adashi tun farko, da ɗan asusun ko-ta-kwana a gefe.

Shawarar da ta fi ratsa ni: a haɗa matan Unguwar Rogo da na Unguwar Rukuba a aji ɗaya, Musulmi da Kirista, amma kada a tilasta wa kowa ba da labarin abin da ta gani. A bar hira ta zo da kanta, ana matsar man gyaɗa, ana suyar ƙuli-ƙuli.

An kuma ce a nemo masu saye kafin a zaɓi sana'a. Sabulun ruwa ya riga ya cika kasuwa.