Abin da aka tsinta daga tattaunawa kan kayan kwantam masu jure zafi

Muhawarar ta zagaya ne a kan kayan da ake kira na topoloji, waɗanda cikinsu ba ya ɗaukar lantarki amma gefensu yana ɗauka. Damuwar kowa ɗaya ce: yawancinsu sai cikin sanyi mai tsanani suke aiki.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a faɗaɗa giɓin makamashi, wato kuzarin da elektron ke buƙata kafin cikin kayan ya fara ɗaukar lantarki. A zafin ɗaki, kuzarin zafi kusan 26 meV ne (eV ma'aunin kuzari ne, meV kuma kashi ɗaya cikin dubu na eV), don haka giɓin ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake son atam masu nauyi irin su bismut, domin suna taimakawa wajen faɗaɗa giɓin. A 2017 masu bincike a Jamus sun shimfiɗa bismut a kan SiC (haɗin silikon da kabon), suka samu giɓi kusan 0.8 eV. Amma an yi gargaɗi: giɓi kaɗai ba ya wadatarwa. Bi2Se3, haɗin bismut da seleniyam, yana da giɓi kusan 0.3 eV, sai dai gurbin atam ɗin seleniyam da suka ɓace yakan sa cikinsa ya riƙa zubar da lantarki, ya rufe aikin gefen.

Batun maganaɗisu ne ya fi ɗaukar lokaci. Gwajin 2013 a Sin, da aka barbaɗa kiromiyam cikin kayan topoloji don ya samu maganaɗisu, ya yi aiki ne a kusan 0.03 K (K ma'aunin zafi ne na kelvin; zafin ɗaki kusan 300 K ne). Masu magana sun fi karkata ga MnBi2Te4 (haɗin manganis, bismut da teluriyam), wanda manganis mai ba shi maganaɗisu ke jere a cikin gininsa, ko da yake shi ma 1.4 K ya kai a 2020. A ganina nan ne aikin ya fi wuya.

An kuma tuna WTe2 (haɗin tungsten da teluriyam) mai kaurin shimfiɗa ɗaya, wanda gefensa ya yi aiki har zuwa 100 K a 2018.