Wa ya taɓa zuwa taron tsofaffin motoci na titin Woodward? Ku faɗa mana abin da kuka gani

Baban Sadik, Southfield:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, yana da Pontiac GTO ƙirar 1967 da yake kullewa a gareji duk lokacin sanyi. Ya ce mu shirya ni da yarona, ranar Asabar ta uku ga watan Agusta zai ɗauke mu a cikinta mu shiga Woodward Dream Cruise, wato taron tsofaffin motocin da ake yi a titin Woodward a yankin Detroit na jihar Mishigan. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa su ba mu labari. Yaya masu motocin nan suke karɓar baƙo irinmu? Kuma wuri ne da za a kai yaro ɗan shekara tara?

Ɗan Fagge, Pontiac:

Wa alaikumus salam Baban Sadik. Kada ka bari ta wuce ka. Ni a ƙarshen titin ta arewa nake zaune, tun ana saura mako guda muke fara jin rugugin injuna da daddare. Daga Ferndale zuwa nan mil 16 ne, ranar kuwa gefe da gefe jama'a ne a kan kujerun naɗewa, da lema da kular ƙanƙara, tun hantsi har dare. Masu shirya taron suna cewa motoci kusan 40,000 ke fitowa, 'yan kallo kuma wajen miliyan guda. Ni dai hawan sallah ya tuna mini: kowa ya wanke abin hawansa ya goge, ya fito a hankali don a gan shi, mutane na ɗaga masa hannu. Babu gudu ko kaɗan. A mahaɗar titin 13 Mile da ke Royal Oak mai tafiya a ƙasa ma wuce mota yake yi. Yara kan riƙe kwali suna roƙon direba ya taka totur, in ya taka kuwa a ƙirjinka za ka fara jin ƙarar kafin kunne. Wanda ya kuskura ya murza taya har ta yi hayaƙi, 'yan sanda na kusa da takardar tara.

Yaro zai ji daɗi, sai dai ka nema masa abin toshe kunne da ruwa mai yawa. Motar 1967 bel ɗin ƙugu kawai gare ta, ka zaunar da shi a baya ka ɗaure shi. Ka sa darduma a jaka, azahar da la'asar duk a can za su same ku. Kuma ka ja masa kunne kada ya jingina da motar kowa, kan bel ɗin wando kaɗai ya isa ya karce fentin da mutum ya shekara yana tara kuɗinsa.

Oga Bakanike, Columbus:

Tambayar yadda suke karɓar baƙo, bari in ba ka nawa. Ni a Kano na koyi aiki, a kan 404 da 504, lokacin da kafireta da kwantak su ne karatun farko na yaron gareji. Da na zo ƙasar nan sai na tarar komai kwamfuta ce, ka jona na'ura ta faɗa maka ciwon mota, wancan ilimin nawa ya kwanta.

A Woodward ina tsaye bakin titi wata Plymouth Road Runner ƙirar 1969 ta mutu a gabana, muka taya mai ita turawa gefe. Yana buɗe bonet warin fetur ya buge ni. Na ce ya ba ni izini. Na cire murfin da ke kan kafireta, sai ga mai yana ambaliya, allurar ta maƙale. Na ƙwanƙwasa gefen da ƙotar sukundireba, na ce ya danne totur har ƙasa ya yi ta ba ta wuta. Ta yi tari, ta watso baƙin hayaƙi, ta tashi. Wallahi dattijon nan rungume ni ya yi. Ya tambaye ni inda na koya, na ce Najeriya, ya kira abokansa ya ce su zo su ga mai sauraron inji da kunne. A ƙarƙashin rumfarsu na ƙarasa wunin. Da suka gasa nama na ce ba na cin alade, ba wanda ya canza fuska, aka kawo mini masara da lemo. Kafin mu rabu ya danna mini hon, wani siririn kuka irin na tsuntsun katun ɗin da aka sa wa motar sunansa. Plymouth sai da ta biya Warner Bros. dala 50,000 kafin ta yi amfani da sunan da hoton tsuntsun.

Injin 504 lita biyu ne mai silinda huɗu, na wannan kuwa ya haura lita shida da silinda takwas, amma ciwonsu iri ɗaya ne. Abin da na lura, mutanen nan ba sa fara tambayarka daga ina kake. In ka tambayi mutum motarsa da gaske, kai ne za ka gaji da sauraro.

Maman Hanifa, Hamtramck:

Salamu alaikum. Ni ba ruwana da mota, aikin kula da tsofaffi a gida nake yi. Akwai wani dattijo ɗan Yaman da na kula da shi, ya zo ƙasar nan yana saurayi ya shiga masana'antar Dodge Main da ke nan Hamtramck, kamar 'yan ƙasarsu da yawa a wancan zamani. Iyalinsa suka ce a kai shi ya sha iska, muka tafi da shi a keken guragu ni da ɗansa. Tun safe bai ce uffan ba, har na fara tunanin mu koma gida.

Sai muka zo inda aka jera wasu motoci a kan ciyawa, a ciki akwai Dodge Challenger ƙirar 1970 ruwan makuba. Ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya nemi izinin mai motar, ya sa yatsa yana bin tsagar da ke tsakanin ƙofa da bodi daga sama har ƙasa, ya ce aikinsa ke nan a layin haɗa motoci, ɗaura ƙofa da daidaita ta. Mai motar ya ja ɗan dattijon gaban gilashi ya nuna masa lambar motar, ya ce harafi na bakwai B ne, ma'ana a Hamtramck aka haɗa ta. Daga nan ya durƙusa a gaban keken yana tambayar Baba yadda layin yake, da zafin ciki lokacin bazara, da saurin da ake sa su. Mutane suka taru. Da taimakon ɗansa aka ɗaga shi aka zaunar da shi a kujerar direba, ya riƙe sitiyari.

A hanyar gida ya ce mini bai taɓa mallakar irinta ba, albashinsa gida yake turawa. An rufe masana'antar a 1980, aka rushe ta. Tun daga ranar, in na ga irin motocin nan hannun waɗanda suka haɗa su nake tunawa: baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka, da 'yan Foland, da Larabawa.

Alhaji Kawu, Dearborn:

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Amma ni zan faɗi abin da ya tsaya mini a rai, kowa ya yi haƙuri. Surukina ya kai ni, hayaƙi ya sa mini ciwon kai, wannan ba komai ba ne. Farashin da na ji ne ya dame ni. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen sama ƙirar 1971 a gwanjo kan dala miliyan 3.5. Ƙarfe ne fa, wanda rabin shekara a rufe yake. Mu da muke da 'yan'uwa a gida da ke neman kuɗin magani, ina tsoron yaranmu su ga wannan su ɗauka shi ne burin rayuwa. Kallo ban hana ba. Almubazzaranci nake jiye mana.

Mai Chevelle, Warren:

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce a kan na gwanjo, amma irin waɗannan ba su cika shiga cunkoson Woodward ba, a cikin tirela suke yawo. Mafi yawan waɗanda na sani a can masu gyaran famfo ne, da direbobi, da 'yan fansho. Shi kansa taron wani mai gyaran famfo a Ferndale, Nelson House, ya faro shi a 1995 don a tara kuɗin filin ƙwallon yara.

Tawa Chevelle ce ƙirar 1972 mai ƙaramin inji 350 (lambar faɗin cikin injin ce a ma'aunin inci kubik), ba ta kai kuɗin sabuwar Camry ba. Gishirin da ake zubawa a titunan Mishigan lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta, in ka ɗaga kafet kana hango kwalta. Wani dattijo da muka haɗu a taron ya zo gidana da injin waldansa muka yi ta faci a ranakun hutu, ko sisi ya ƙi karɓa. Wani ya ba ni lagireto da ya daɗe a rumbunsa, ya ce in na ga mai bukatar wani abu ni ma in miƙa. Haka suke yi. Za su yi ta gardama, na Ford ba ya yarda da na Chevrolet, na Dodge da Plymouth da ake kira 'yan Mopar suna ganin babu kamarsu, amma mota ta mutu a hanya duk su ne masu turawa. Mai dai tana sha, galan ɗaya da ƙyar yake kai ni mil goma sha biyu, shi ya sa sai ranar Lahadi nake fito da ita.

Yaya Injiniya, Auburn Hills:

Baban Sadik, motar da za ka shiga ita ce uwar tafiyar. A 1964 General Motors tana da dokar cewa matsakaiciyar mota ba za ta wuce inji 330 ba. John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka zagaye dokar, suka cusa inji 389 na babbar mota a cikin Tempest, suka ce ai zaɓi ne ga mai saye. An yi tsammanin sayar da 5,000, aka sayar da sama da 32,000. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har a 1970 Chevelle SS 454 ta fito da ƙarfin doki 450. A wannan titin samari suke tsere da daddare daga danja zuwa danja, kuma tsofaffin da na zauna da su a taron sun ce injiniyoyi ma sukan saci jiki su kawo motocin gwaji.

Zamanin waɗannan motoci masu manyan injuna bai wuce kimanin shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala wa matasa kuɗi saboda haɗurra, dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa aka rage matsin inji don ya sha fetur marar dalma, sai ga takunkumin man Larabawa a Oktoban 1973. A 1974 GTO ta tsaya, Pontiac kanta an rufe ta a 2010. Don haka ka tambayi maƙwabcinka inda ya samo ta da wanda ya fara ɗauka a ciki. Yawancinsu tambayar da suke jira ke nan.

Ɗan Zango, Bronx:

Ni daga nan na tuƙo takanas saboda labarin Black Ghost, baƙar Challenger mai injin Hemi 426 ƙirar 1970. Ana ba da labarin tana fitowa da dare ta cinye tsere ta ɓace, ashe mai ita, Godfrey Qualls, baƙar fata ne ɗan sandan Detroit kuma tsohon soja. A 2023 an sayar da ita sama da dala miliyan ɗaya. Ban same ta a can ba, amma na tarar da ƙungiyoyin baƙaƙen fata da motocinsu, kaka da jika a mota guda, suka ba ni kujera. Yanzu na ga wata Oldsmobile Cutlass ƙirar 1971 ana sayarwa, fenti sabo fil. Oga, me zan duba?

Oga Bakanike, Columbus:

Ƙanena, sabon fentin shi ne abin tsoro. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, cike aka yi aka shafe. Ka ɗaga shimfiɗar but, ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba shasi. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, inji mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi. In mai ita ya ce 442 ce, wato samfurin Oldsmobile mai babban inji, ya kawo takarda, domin da yawa Cutlass ce aka manna wa tambari a ninka kuɗi. Ka turo mini hoton ƙarƙashinta da na lambar inji kafin ka ba da ko kafin alƙalami.