Me ke sa ɗalibin jami'a ya ɗaura niyyar kafa kasuwanci?

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe:

Assalamu alaikum. Tun wajen shekarar 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin koyon kasuwanci a kan kowane ɗalibi, amma mafi yawanmu don cin jarrabawa kawai muke karanta shi. Waɗanda na ga sun kama sana'a da gaske, kamar ɗinki ko sayar da data, sun fara ne a lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya kai wata takwas. Shin matsin rayuwa ne kaɗai ke tura ɗalibi, ko akwai wani abu daban?

Amsa daga wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, 'yata. Matsi yana sa mutum ya fara, amma a abin da na gani cikin ɗalibaina, ba ya sa ya daure. Wanda rashin kuɗi ya tura shi yakan rufe shago ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo, alhali wanda yake son ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma yarda cewa zai iya, yakan yi asara ya sake tashi. Wannan yarda da kai ba a samun ta daga allo, kuma ina ganin nan ne mu malamai muka gaza, domin muna ba da maki a kan tsarin kasuwanci na takarda maimakon cinikin da ɗalibi ya yi da hannunsa.

Amsa daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari:

Malam ya yi gaskiya. Yaron shago yana shekaru yana kallon yadda maigidansa ke saro atamfa, yake ba da bashi, yake bin sa, kuma ya san cewa wata rana za a yaye shi da jari. Ɗana da ke jami'a yana zama da ni duk hutu, shi ya sa ba ya tsoron ciniki.

Amsa daga wani mai bautar ƙasa:

'Yar'uwa, kada a manta da iyaye. Na koyi kiwon kaji a shirin koyar da sana'o'i (SAED) na hukumar masu bautar ƙasa (NYSC), ina kuma shirin neman jarin dala 5,000 na Gidauniyar Tony Elumelu, amma har yau mahaifina yana tambayata yaushe zan samu aikin ofis, kuma wannan tambaya ta fi rashin jari sanyaya mini gwiwa.