Wane tanadi ya kamata maƙwabtan bariki su yi?

Mazaunin Mando:
Assalamu alaikum. Mu da muke zaune tsakanin sansanin sojan sama na Mando da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Afaka, a Kaduna, mun daɗe muna ɗaukar maƙwabtaka da soja a matsayin garkuwa. Amma a watan Maris na 2021 an kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji a Afaka, a watan Agusta kuma 'yan bindiga suka kutsa NDA ɗin kanta. Shin wane tanadi ya kamata unguwa ta yi tun kafin wani abu ya sake aukuwa?

Tsohon soja, Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, rumbun makamai ya fi hari ba ni tsoro. Da na barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta a Janairun 2002, fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma yawancinsu ba bama-baman ne suka same su ba, gudun ɗimuwa ne ya jefa su cikin wani babban magudanin ruwa da ciyayi suka lulluɓe, suka nutse. Saboda haka ku fara da abin da ke hannunku. Mai unguwa da limamai su zauna da shugabannin bariki, a tsayar da hanyar fita da filin haɗuwa, kuma kowane gida ya san su, har da yara. Lasifikar masallaci ta ishi sanarwa, muddin an yarda da wanda zai yi magana.

Malamar makaranta, Jaji:
Na yarda da Baba, sai dai sanarwa ba daga ɓangare ɗaya take fitowa ba. Abin da ya faru a Tudun Biri cikin Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu taron Mauludi, ya sa nake ganin wajibi ne a samu jami'in soja takamaimai da dagaci zai sanar wa kafin kowane taron dare. Sojoji ma su riƙa gaya wa manoma da makiyaya ranakun atisayen harbi.

Ɗan kasuwar mami (kasuwar bariki):
Kada a manta da abinci. Duk ranar da aka rufe ƙofar bariki cinikinmu ya tsaya cak, kuma har yanzu ba mu da asusun da zai riƙe mu ko da mako guda.

Mazaunin Mando:
Na gode. Baba, wa ya fi dacewa ya rubuta wa kwamanda takardar neman zaman, hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma?